Aikin da Muka Bari Rabi a Motar Ba Fannami

Yaran yanzu kuna ba ni dariya. Mota ta zo tana tari, sai ku zaro ɗan akwatin nan mai kama da waya, ku soka a ƙarƙashin sitiyari, ku jira ya rubuto muku abin da ke damunta, ku canza abin da ya ce a canza, shi ke nan kun zama injiniyoyi. Kwanaki wani a cikinku ya ce mini sa wa mota sabuwar ƙwaƙwalwa ai ba wani aiki ba ne, a cire tsohuwa a jona sabuwa, kamar canza batirin tocila. Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da gyaɗa a lokacin. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda aikin yake, ko da a mota ɗaya ce.

Sunana Bukar, mai wayarin mota ne ni, kuma rumfata tana Ajilari tun kafin a haifi yawancinku. A hannun Malam Sule na koyi aiki, wani Bakano da ya zo Maiduguri neman abinci ya zauna har ya mutu a nan. Zamanin kafireto ne. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: kwan gwaji, filaya, dalma, da wata doguwar sukundireba da ba ya yarda kowa ya kwance ƙusa da ita. Aikinta daban ne. Zai ɗora bakinta a jikin inji, ya manna ƙotarta a kunnena, ya ce, "Me ka ji?" In ce, "Inji na ji, Malam." Sai in sha ranƙwashi. Na daɗe ina shan ranƙwashin nan kafin kunnena ya buɗe, na fara raba ƙarar bawul da ta sarƙa, da ta famfon ruwa. Ta ƙarshe da ya koya mini ita ce wadda yake kira ƙarar tsakuwa. Idan wutar filogi ta riga lokacinta, ko mai ya yi wa inji kaɗan alhali yana jan kaya, man ba ya cin wuta a hankali, fashewa yake yi. Sai ka ji wani ƙyas-ƙyas can ciki, kamar ana zuba ƙananan tsakuwa a gwangwanin madara. Direba ba ya jin ta. Idan aka bar ta, kan fistin take cinyewa, wata rana inji ya buga a tsakiyar daji.

Da motocin injekta suka cika gari, da yawa daga cikin sa'o'ina suka ajiye aiki. Mota ta koma tana da ƙwaƙwalwa, birenbos kamar yadda kuke cewa, ita ke auna mai, ita ke sakin wuta. To ƙwaƙwalwa iri biyu ce, kuma nan ne kuke ruɗewa. Akwai wadda ta zo da motar daga kamfani, ta riga ta yi karatunta, ta san injinta. Akwai kuma wadda ake sayowa daban a sa wa injin da ya rasa tasa. Ita wannan fanko take zuwa, ba ta san komai ba. Kai za ka koya mata yawan man da za ta ba inji, da lokacin da za ta saki wuta, a silo, wato mota na tsaye inji na aiki, a tsakiyar gudu, a hawan tudu, da kaya da babu kaya, da sanyin safiya da zafin azahar. Da laftof ake koya mata, mota na tafiya a kan titi. Kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Wanda ya fara kawo irinta unguwarmu shi ne Ike. Ibo ne, amma a Maiduguri aka yanke masa cibiya, a shagon kayan mota na mahaifinsa ya tashi. Kanurinsa ya fi nawa, kuma ba ya gajiya da tuna mini da haka. Mutum ne mai son taɓe-taɓe, duk abin da ya ga yana da maɓalli sai ya danna. Ranar da ya shigo rumfata da akwatin ƙwaƙwalwar a hammata, ya ajiye a kan benci ya ce, "Bukar, ni na iya magana da wannan abin, amma ba na jin abin da inji ke cewa. Kai kana jin inji, amma ko rediyonka ba ka iya saitawa. Mu haɗa kai mu zama mutum ɗaya mai hankali." Haka muka fara. Mun yi motoci da dama tare, kuma ba a taɓa dawo mana da ko ɗaya a kan igiya ba.

Motar Ba Fannami tsohuwar akori-kura ce, fentinta ya daɗe da mantawa da launinsa. Shi kuma Ba ɗin, wato baba da Kanuri, dattijo ne dogo, mutumin wani gari a bakin tafki, can gaba da Monguno. Bandar kifi yake kawowa birni, ya koma da gishiri da sabulu da atamfofi daga Kasuwar Litinin. Injinta na asali ya gaji, sai ya sayo ɗan kwatano mai injekta, mai kyau ƙwarai, amma ƙwaƙwalwarsa a kulle take, makullinta yana wata ƙasa a aljihun wani da ba mu sani ba. Wasu suka ba shi shawara a fasa injin a ɗora masa kafireto. Ya ƙi. Ya ce shi bai sayi doki don a yanke masa ƙafa ɗaya ba. Aka nuna masa rumfata.

Wayarin kaɗai ya ci mana kwanaki. Na zare tsofaffin wayoyin gaba ɗaya, don ɓeraye sun riga sun yi rabonsu, na shimfiɗa sababbi. Wayar sansar da ke ƙirga juyin inji siririya ce mai kunya, idan ta bi kusa da wayar filogi sai ta riƙa kai wa ƙwaƙwalwa labarin ƙarya, saboda haka na zagaya da ita ta ɗaya gefen. Duk wayoyin ƙasa na tara su a ƙusa ɗaya a jikin inji, na kankare wurin har ya yi ƙyalli. Ba na murɗa waya in naɗe da salatif kamar yadda kuke yi in kuna sauri. Dalma nake sa wa, domin hanyar tafki girgiza ce tun daga fita har isa. Akwatin kuwa a ƙarƙashin kujerar direba muka ɗaure shi, a kan roba. Duk wanda ya sa ƙwaƙwalwa a cikin bonet a garin nan bai san watan Afrilu ba.

Sai ƙananan akwatunan da ke yi mata hidima. Akwai wanda ke ƙara wa koyil ƙarfi. Akwai wanda ke tayar da fankar lagireto idan ruwa ya yi zafi. Akwai mai sansa a cikin salansa, yana shinshinar hayaƙi ya gaya wa laftof ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Sai da mai walda ya huda salansar aka dasa shi. Na ƙarshe shi ne wanda Ike ya fi alfahari da shi, wai zai riƙa jin ƙarar tsakuwa da kansa, in huta. Muka sa. To motar Ba Fannami ko'ina a jikinta ƙara yake yi, ƙofa na yi, bodi na yi, har madubi yana da tasa muryar. Ɗan akwatin nan ya rikice, komai ya ji sai ya yi kururuwa. Na cire shi na miƙa wa Ike, na ce ya kai wa matarsa ta riƙa ajiye allura a ciki. Na samo guntun bututun jan ƙarfe, na daddaƙe bakinsa na ɗaure a jikin inji da ƙusa, na jona masa siririn tiyo, na shigo da tiyon ta ramin da ke ƙasan sitiyari har zuwa kunnena. Da shi nake jin cikin inji kamar ina zaune a ciki.

Muna da sharaɗi uku ni da Ike, kuma saboda su wasu suka ce mun cika tsirfa. Ba ma koya wa ƙwaƙwalwa sai da ƙafar mai motar a kan totur, don kowane direba da yadda yake takawa. Ba ma koya mata sai da irin kayan da motar za ta riƙa ɗauka a bayanta. Kuma sai da irin man da za ta riƙa sha, ba na gidan mai mai tsabta ba idan mun san a wajen 'yan bumburutu mai ita yake saye. Motar da aka saita fanko a cikin gari, ranar da ta ɗauki kaya ta shiga yashi za ta nuna maka ba ta san ka ba.

Haka muka zauna mu uku a gaba. Ba Fannami a sitiyari, ni a tsakiya da tiyo a kunne, giya tana bugun gwiwata, Ike a bakin ƙofa da laftof a cinya. A baya kwalayen banda ne, ƙamshinsu ya cika motar. Ba Fannami ya taka, ni in saurara. In na ji tsakuwa in ɗaga yatsa in ce, "Ja da baya," wato a jinkirta wutar filogi. Ike ya danna. In ce, "Ƙara mata mai kaɗan." Ya danna. A sake takawa. In ta yi tsaf in ce, "Ya yi," sai a matsa gaba. Kalmar nan tawa ce. Ike ba ya rufe layin lambobin da yake cikawa sai ya ji ta daga bakina, ko da laftof ɗinsa ya rantse masa cewa komai daidai ne. Muka gama silo, muka gama gudun cikin gari. Saura rabin sama, wato gudu sosai da kaya a buɗaɗɗen titi, kuma shi ne rabin da mai hanyar tafki yake rayuwa a kai.

A shekarar nan ce gari ya lalace. Ba sai na ba ku labari ba, iyayenku sun gaya muku, wasunku ma a goye kuka yi ta. Shinge a kowace kwana, kowa na kallon kowa. Mu kuwa aiki ya rufe mana ido, ba mu tsaya mun yi tunanin yadda muke a idon wanda bai san mu ba. Muka nufi bakin gari don mu sami titi mai tsawo. A shingen farko jami'i ya leƙo. Ya ga mutum da laftof a buɗe, waya ta fito daga ciki ta shige wani baƙin akwati a ƙarƙashin kujera, wayoyi ja da baƙi ko'ina, ga wani kuma a tsakiya da tiyo a kunne ya runtse ido. Ya yi tsalle baya yana ihu. Kafin mu ce wani abu mun tsinci kanmu kwance a kan kwalta, a tsakiyar rana, bakin bindiga a ƙeya. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne a wurinsu abin da zan yi ke nan. Allah ya taimake mu da wani babba a cikinsu da ya taɓa zama a gareji. Ya duba, ya gane, ya ce mu tashi. Amma ya ce, "Idan kuna son ranku, kada a sake ganinku a titi da wannan kayan." Kumatuna ya yi kwanaki yana saɓa saboda zafin kwaltar.

Muka ce mu jira abu ya lafa. Abu bai lafa ba. Aka ƙone layin shagunan da ke kusa da na Ike, aka kashe maƙwabcinsa a ƙofar shago. Mahaifiyarsa, wadda ta yi fiye da rabin rayuwarta a garin nan, ta ce ita kam ta gama. Ya zo rumfata da safe, motar da za ta kai su kudu tana jira a tasha. Ya sa aka kira Ba Fannami. Ya jona laftof ya yi 'yan danne-danne, sannan ya ce, "Ba, na sa mata takunkumi. Idan ta kai inda muka tsaya, za ta yanke mai da kanta, ko ka taka har ƙasa ba za ta wuce ba. Abin da ke sama da nan ba ta koya ba, idan na bar ta ta shiga za ta kashe injin. Ka yi haƙuri da ita a cikin gari. In ƙura ta kwanta zan dawo mu ƙarasa."

Ba Fannami ya ce, "Yaushe?"

Ike ya ce, "Bayan Kirsimeti, in Allah ya so."

Ya naɗe wayarsa ya sa a jaka. Na raka shi har bakin titi, muka tsaya muna maganar wani rile, ɗan makunnin wuta, da ya ce in canza wa wata mota, kamar gobe ma zai zo. Ya hau keke napep ya tafi.

Ba a daɗe ba garin su Ba Fannami ya watse. Iyalinsa suka iso birni da abin da ke jikinsu, ya kama musu ɗakuna a bayan rumfata. Hanyar tafki ta rufe, saboda haka takunkumin bai ma dame shi ba. Motar ta koma jigilar shinkafa daga Zabarmari, da itace, da bulo, tana tafe a hankali kamar mai jin barci. Masu keke suna wuce ta suna yi masa hon, suna cewa, "Ba, ko mu turo ka?" Shi ko a jikinsa. Kuma injin nan bai taɓa ba shi matsala ba, iyakar abin da muka koya mata tana yin sa daidai.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ike ya buɗe shago a can garinsu. Duk Sallah zai kira ni, duk Kirsimeti in kira shi. Bayan gaisuwa tambayarsa ta farko ita ce, "Yaya motar Ba?" Ta biyu, "Har yanzu mai shayin kwanar nan yana nan?" Sai ya ce bana zai zo. Sai wani abu ya taso, ko rashin lafiyar tsohuwa, ko makarantar yara, ko wani labari marar daɗi da ya ji daga nan. Na yi aiki da wasu masu laftof bayansa, yara masu ilimi, wasu ma sun fi shi saurin hannu. Amma babu wanda na zauna da shi na ji mun zama mutum ɗaya. Na yi kewarsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Wani lokaci in ina cin burabusko da rana sai in ga na ture rabi gefe, inda ya saba sa hannu.

Akwatin da ke motar Ba Fannami kuwa ya tsufa, an daina yin irinsa. Na'urorinku ba sa jin yarensa, sai tsohon laftof ɗin Ike da wayarsa mai faɗin baki. Akwai mafita mai sauƙi: a cire shi a sa na zamani, in nemo yaro mu saita. Na faɗa wa Ba Fannami sau ɗaya. Ya ce, "Ike ya ce zai dawo ya ƙarasa." Ban sake tayar da maganar ba. Gaskiya ni ma ban so a cire ba. Muddin aikin nan yana nan rabi, Ike yana da abin da zai dawo da shi garin nan.

Sai ga shi an buɗe hanya, an ce mutanen bakin tafki su fara komawa. Amma a ayari ake tafiya, da rakiyar jami'ai gaba da baya, kuma ayarin nan ba ya jiran kowa. Motar da ba ta iya bin gudunsa ba a ma sa ta a layi, domin wanda aka bari a baya a hanyar nan ya shiga uku. Ga kuma yashi a ƙarshen hanya, wanda sai inji ya buɗe murya gaba ɗaya yake fita. Ba Fannami ya zo rumfata ya zauna a benci. Ya tsufa sosai, gemunsa ya yi fari tas. 'Ya'yansa sun ce ya bar motar ya hau ta haya, ya ce shi da motarsa ya fito, da ita zai koma. Ya ce, "Bukar, ayarinmu sati mai zuwa ne. Idan na rasa shi ban san ko zan ga wani ba. Kira mini yaron nan."

Na kira. Na gaya wa Ike yadda ake ciki. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Laftof ɗin batirinsa ya mutu tun tuni. Ka tanadar mini waya daga batirin mota."

A tasha na kusa wuce shi. Ya yi ƙiba, kansa ya yi sanƙo, ga tabarau. Shi ya gane ni, ya ɗaga murya da gaisuwar Kanuri ya ce, "Wushe, kurman gareji!" Na ce, "Wa ya cinye Ike ya sa rigarsa?" Muka rungume juna a tsakiyar masu ɗaukar kaya. Hausarsa ta ɗan yi tsatsa, yana laluben kalma, amma kafin mu isa Ajilari ta warware. A hanya yana ta leƙe ta cikin keke, yana tambayar ina kaza, ina wane. Yawancin amsoshin ba masu daɗi ba ne, sai ya daina tambaya. Ya ce kwana biyu kawai zai yi, ya bar shago a hannun mutane.

Wannan karon mun yi hankali. Muka fara zuwa shingen bakin gari da ƙafa, muka yi bayani, muka nuna akwatin da tiyon, har babbansu ya sa a kunne ya yi dariya. Ya nuna mana iyakar inda za mu riƙa kaiwa mu juyo. Da na tambayi Ba Fannami kayan da za mu ɗora don gwaji, ya ce ai kaya suna nan a ɗaure. Kwanon rufi ne, da buhunan hatsi, da tabarmi, da tukwane, da wata sabuwar ƙofar ƙarfe da ya sa aka ƙera masa, don an gaya masa gidansa ko ƙyaure babu. Man kuma ya sayo a jarka a wurin da ya saba.

Muka shiga yadda muka saba zama, sai dai yanzu wurin ya matse saboda tumbin Ike. Laftof ya yi ta tunani kafin ya buɗe ido. Da layukan suka fito, Ike ya nuna mini da yatsa: rabin ƙasa cike da lambobin da muka sa da hannunmu, rabin sama fanko, yadda muka bar shi ranar da muka kwanta a kwalta. Ya cire takunkumin. Ya ce, "Ba, bismillah. A hankali."

Ba Fannami ya taka. Motar ta kai inda ta saba tsayawa shekara da shekaru, ta ɗan yi jim kamar tana jiran a hana ta, sannan ta wuce. Nan take tsakuwa ta zubo mini a kunne. Na ɗaga yatsa. "Ja da baya." Kafin in rufe baki Ike ya danna. "Ƙara mai." Ya danna. Na ji tsoron ko kunnena ya tsufa, don yanzu sai an maimaita mini magana a kasuwa, amma a cikin tiyon nan komai tar nake ji. Muka yi ta kai da komo tsakanin shingen da wata bishiyar aduwa da aka ce kada mu wuce. Layi bayan layi ina cewa ya yi, Ike na rufewa. Iska ta fara shigowa ta taga da ƙarfin da motar nan ba ta taɓa sani ba da wannan injin. Kwanon rufi na kaɗawa a baya. Ba Fannami ya gyara zama, ya tura hularsa gaba, na ga direban hanyar tafki ya dawo cikin jikin tsohon. Muka sauka gefen titi muka gwada ta a yashi, ta haƙa ta fita tana gurnani.

Saura layin ƙarshe, totur har ƙasa, a babbar giya, da cikakken kaya. Ya taka. Na runtse ido na saurara. Babu tsakuwa ko ƙwaya ɗaya. Injin yana tafiya sumul, irin muryar da mai wayarin yake shekara bai ji ba.

Ike ya ce, "Yaya?"

Na san abin da zai biyo bayan kalmar. Zai rufe laftof, gobe da safe in raka shi tasha, kuma babu sauran abin da zai sake kawo shi Maiduguri. Ba Fannami zai bi ayari, kuma mai shekarunsa in ya koma gida ya koma ke nan. Zan koma rumfa in zauna da ku da akwatinku mai kama da waya.

Na ce, "Kamar na ji wani abu. Ba, juya mu sake."

Muka juya. Aka sake takawa, injin ya sake rerawa tsaf. Ike ya dube ni ta saman tabarau. Na ce, "Ban tabbata ba. A ƙara ɗaya." Na lura ya janye hannunsa daga kan maɓallan ya ɗora a bakin taga. Da muka sake juyowa ma ya rufe laftof ɗin rabi, ya fara ba da labarin ranar da wata mota ta kama da wuta a rumfata muka kashe da kunun wata mai talla. Muka yi dariya har da hawaye. Aka je aduwa aka dawo, aka je aka dawo, tiyo na kunnena ina ta cewa a sake, ba wanda yake taɓa komai. Rana ta karkata, inuwar motar ta yi tsawo a kan titi.

A bakin aduwar Ba Fannami ya taka birki, ya tsayar da motar, ya bar injin yana silo. Bai dube ni ba, titin da ya miƙe arewa yake kallo. Ya ɗora hannunsa a gwiwata.

Ya ce, "Bukar, ni ma ina jin daɗin zaman nan. Amma na daɗe a garin mutane. Ka sallame ni in tafi gida."

Na zare tiyon daga kunnena, na naɗe shi a hannu. Ike yana jira, yatsansa a kan maɓalli.

Na ce, "Ya yi."